Ranar da Gwadabe Ya Kawo Japan Hindawiyya

A unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda ba wanda bai san Gwadabe mai tsire ba, kuma ba wanda kunnensa bai gaji da shi ba. Tsirensa dai ba a magana, har Larabawa daga unguwar Bagdadiyya suke tuƙo mota su zo sayen abin da suke kira siriyya. Amma bakin nan nasa, wayyo Allah! Mutum ne siriri kamar tsinken da yake soke nama da shi, sai dai in ya fara ba da labarin kansa, ka rantse shi kaɗai ya haƙa Bahar Maliya.

Abin ya ƙara lalacewa ne tun da ya je Japan. Kafilinsa, wato ubangidansa Abdulmohsen, mai gidan abincin da Gwadabe ke gashi a ƙofarsa, shi ya tashi yawon buɗe ido da iyalinsa. Da aka gaya masa mutanen can ɗanyen kifi suke ci, sai ya ce sam cikinsa ba zai ɗauka ba, a nema wa Gwadabe biza ya bi su ya riƙa dafa masa abin da ya saba. 'Yan kwanaki kaɗan suka yi. Amma da za ka ji Gwadabe, sai ka ɗauka a can aka yanke masa cibiya.

A Tokyo akwai wani gida da ake kai baƙi su ci abinci su kalli sumo, wato kokawar Japanawa, inda ƙattai biyu masu tumbi suke ture juna a cikin da'ira. Masu wasan tsofaffin 'yan kokawa ne da suka ajiye sana'a. Idan an gama sai a gayyaci duk baƙon da ke so ya hau ya gwada. Ladabin gidan shi ne, ko wa ya hau, ƙaton zai ɗan yi gurnani, ya ɗan yi tangaɗi, sannan ya zube don baƙo ya ji daɗi. A ranar ma sai da ya faɗi wa wata tsohuwar Baturiya mai dogara sanda. Sai dai lokacin Gwadabe yana banɗaki, bai gani ba. Yana fitowa aka tura shi gaba. Ya runtse ido, ya kurma ihu, ya dafa tumbin mutumin, ƙato ya zube rim! Aka yi tafi, aka ɗauki bidiyo. Shi ke nan, mutanen Hindawiyya suka shiga uku.

Ya dawo da rigar barci ta otal mai faɗin hannu, ya ce sunanta kimono, kuma sai manyan baƙi ake ba. Da ita yake tsayawa gaban tukuba, har wata rana hannun rigar ya kama wuta aka kashe da ruwan zoɓo. Ka ce masa, "Malam Gwadabe, ba ni tsire," sai ya ajiye wuƙa ya ciro waya.

"Tsaya tukuna. Ka ga wannan dutsen? Ya fi raƙumi da kayansa nauyi. To kalli abin da na yi masa. Kalla da kyau! An ce har yau bai dawo daidai ba."

Duk hayaniyar nan kuwa akwai abin da ke ƙarƙashinta: Gwadabe yana son Fatu. Bazawara ce haifaffiyar Jidda, mai dama fura a ƙofar gidansu, tsallaken titi daga tukubarsa. Gaskiya ita ma tana sonsa, don tun rasuwar mijinta ba wanda ya sa ta dariya har da hawaye sai shi. Matsalar ita ce yayanta Zaharadden, wanda shi ne waliyyinta. Ɗan dako ne a kasuwar kifi ta bakin teku, ƙato, in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Ba ya son yawan magana, balle mai yawan magana. Duk sanda Gwadabe ya tura manya, amsa ɗaya ce: "Bukura insha Allah," wato sai gobe. Goben nan kuwa ta ƙi zuwa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Gwadabe ya tare shi a gaban jama'a.

"Yaya Zaharadden, ni fa na gane. Raina ni ka yi saboda jikina."

"Ni? Ni ban ce komai ba, ya shekh."

"Ai shirun naka ya fi zagi ciwo. To bari a yi ta a fili. Juma'a mai zuwa zan shirya Ranar Japan a hoshi, can tsakar gidan Baba Hamad. A sha shayin Japan, a ga al'ada, sannan ni da kai mu shiga da'ira. Wanda ya fitar da kai, shi ke da Fatu. In kuwa ni na faɗi, na haƙura da ita har abada."

Zaharadden ya dube shi daga hula har silifa. "Kai? Ni?"

"Wanda na kayar a Tokyo, kai a gefensa ɗan yaye ne."

Baba Hamad, dattijon unguwa wanda ba a ɗaura aure ko a raba faɗa sai da shi, ya kama hannun Gwadabe. "Ɗana, ka tambayi yarinyar nan kafin ka sa ta a caca?"

"Haba Baba, ai ba caca ba ce. Caca ita ce wadda ba a san mai ci ba."

"Halas," in ji Zaharadden, ya yi tafiyarsa.

Kafin la'asar labari ya kai wa Fatu. Ta tsallako titi da ludayi a hannu, ko mayafi ba ta gyara da kyau ba.

"Malam Gwadabe, ni tunkiya ce da za a ɗaure a fili a ce mai ƙarfi ya kwance?"

"Hajiya Fatu, ke dai ki fara zaɓen atamfar biki."

"Ka san Yaya ya taɓa ɗaga bayan motar kifi ya riƙe har aka canja taya?"

"Mota ba ta da dabara. Sumo ba ƙarfi ba ne, ilimi ne."

"Don Allah ka je ka ba shi haƙuri ka janye. Ina ta lallaɓa shi, wallahi ya kusa yarda."

"In janye? Ni da Tokyo ta miƙe tsaye ta yi wa tafi?"

Ta tsaya tana kallonsa, ta rasa ko kuka za ta yi ko ta ƙwala masa ludayin. Ta yi tsaki ta koma wajen furarta.

Shiri ya kankama. Gwadabe ya ce sirrin 'yan sumo ci ne da barci, don haka ya duƙufa. Da safe ful da burodin tamis, da rana tiren kabsa shi kaɗai, da yamma ya bi tsiren sayarwa ya cinye rabi. Masu saye su zo su tarar da shi a miƙe kan benci yana minshari, nama na ƙonewa. Duk cin nan bai ƙara masa komai ba sai wani ɗan tumbi da ya turo gaba kamar an ɓoye ƙwarya a riga, sai kuma zirga-zirgar banɗaki da ta hana maƙwabta sakat.

Saura shayi. A Tokyo an kai su wajen wata dattijuwa da ta zuba wani koren gari a ruwan zafi, ta kaɗa shi da ɗan tsinken gora har ya yi kumfa, aka sha ana durƙushe, ba mai cewa uffan. Gwadabe bai sayo garin ba. Ya zaga baƙalolin unguwa yana kwatanta shi, masu shago suna girgiza kai. Yana hanyar dawowa sai ya hango garin kuka a tiren wata mai kayan miya. Ya ja birki. Ya ɗebo ya murza, ya shinshina, sai ya fashe da dariya.

"Ashe! Wato mutanen nan kukarmu suke sha suna yi mana yanga! Hajiya, juye min duka."

Ranar Juma'a bayan la'asar hoshin Baba Hamad, wato babban tsakar gidansa, ya cika maƙil. Maza a kan tabarmi, mata a kan matakala da tagogi, Fatu a cikinsu ta haɗe rai. Gwadabe ya tsaya a tsakiya cikin kimononsa mai ƙonannen hannu, ya ɗaga murya.

"Jama'a, daga yanzu ba Jidda kuke ba. Kowa ya miƙe ya sunkuya min in sunkuya masa."

"Mu ba ma ruku'u sai a salla," in ji Baba Hamad.

"To a ɗan karkata kai, Baba."

"Wuyana na ciwo. Wuce gaba."

Ya wuce gaba. Ya sa kowa ya durƙusa ya zauna a kan dugadugansa, irin zaman tahiya, ya ce ba mai motsi ba mai magana har sai ya ba da izini. Sannan ya jawo wani ƙaton kwano, ya juye garin kuka, ya tuttula tafasasshen ruwa, ya ɗauko maburgi. Ya fara kaɗawa a hankali, ido a lumshe, fuska a ɗaure, wai nutsuwa. Kumfa dai ba ta zo ba. Abin da ya zo yauƙi ne. Yana kaɗawa yana ƙara kauri, har maburgin ya fara yin nauyi a hannunsa. Bai damu ba. Ya ɗebo da ludayi zai zuba a ƙaramin kofi, abin ya biyo ludayi ya ƙi yankewa, sai da ya sa yatsa ya datse. Ya juya kofin a tafin hannu yadda ya ga dattijuwar ta yi, ya miƙa wa Baba Hamad da hannu biyu.

Baba ya yi bismilla ya kurɓa. Ya janye kofin, wani koren zare ya biyo shi daga leɓensa. Ya ƙara nisanta kofin, zaren ya ƙara tsawo. Ya zauna haka yana kallon ikon Allah.

"Gwadabe."

"Baba, ba a magana."

"Ina tuwon?"

"Wane tuwo kuma?"

"Ka ba ni miyar kuka, ba gishiri ba daddawa, sannan ka ce ba tuwo?"

Dariyar da aka danne ta ɓalle. Gwadabe ya ɗaga hannu. "Wannan shayin sarakunan Japan ne! Ba kowane harshe ke gane shi ba!"

"To lallai sarakunan Japan suna shan wahala!" wata mata ta faɗa daga taga.

Don ya kunyata su, Gwadabe ya cika kofi fal ya kafa kai. Nan ya gane kurensa. Abin ba ya yankewa, in ka fara haɗiya sai ka kai ƙarshe. Ya yi ta zuƙa, maƙogwaro na hawa da sauka, idanu sun firfito. Da ƙyar ya ga gindin kofin. Ya ajiye, ya yi gyatsa, ya ce da wata siririyar murya, "Kai, daɗi." Sannan ya ba da izinin tashi.

Tashin ma ya zama wani wasan. Ƙafafun dattawa duk sun mutu. Wannan ya yunƙura ya koma, wancan ya kama kafaɗar na kusa suka tafi tare. Wani tela ya miƙe da ƙarfin hali, ya yi taku ɗaya, ya faɗa kan kwanon, shayin sarakuna ya malale a tsakar gida. Baba Hamad da rarrafe ya kai kujera, yana faɗin abubuwa da Larabci waɗanda ba a saba ji daga bakinsa ba.

Gwadabe ya shige ɗaki ya sauya shiri. Da ya fito, mata suka ɗauki salati gaba ɗaya suka rufe fuska. Labulen ɗakinsa ya ciro ya naɗe a ƙugu, ya zagayo da shi ta tsakanin ƙafafu irin na 'yan sumo. Ban da shi ba komai a jikinsa sai haƙarƙari.

"A'uzu billahi!" Baba Hamad ya daka tsawa. "Esh hada? Mene ne haka? A gidana? Koma ka sa wando!"

"Baba, haka ake yi a can. Ko sarkinsu ne ya zo kallo..."

"Nan ba can ba ne! Ka sa wando ko in sa a fitar min da kai!"

Ya koma ya sako dogon farin wando har idon sawu, ya sake naɗa labulen a kai. Ƙarafunan rataye labulen ma bai cire ba, yana tafiya suna kacau-kacau. Ya ɗauko tiyon ban ruwan shukokin Baba, wanda ke haɗe da famfo, ya shimfiɗa shi ya yi da'ira. Zaharadden ya cire takalmi ya shiga ya tsaya, hannu a aljihu.

"A saurari doka!" in ji Gwadabe. "Duk wanda ƙafarsa ta fita daga da'irar nan ya faɗi. Duk wanda wani sashe na jikinsa ya taɓa ƙasa, ban da tafin ƙafa, ya faɗi. Ba roƙo, ba ƙorafi. Baba ne alƙali."

Ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga ta dama sama ya buga da ƙasa. Ya ɗaga ta hagu ya buga, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ya yi kamar bai ji ba. Sannan ya jawo gwangwanin da ya zo da shi daga tukuba.

"A Japan, kafin a kama, gishiri ake watsawa a fili. Amma na gano don ba su da yaji ne. Ni na gyara musu al'adar."

"Gwadabe, kar ka..." in ji Fatu daga matakala.

Ina! Ya riga ya cika hannu ya watsa sama da iya ƙarfinsa. Daidai lokacin iskar teku ta la'asar ta kaɗo, ta ɗauki yajin tsire ta raba wa kowa rabonsa. Hoshi ya kacame. Atishawa ta ko'ina, tari, hawaye, masu salati na yi, masu zagi na yi. Wani ya lalubi famfo ya murɗe, wani ya cafki bakin tiyo ya ja don ya wanke ido, na bayansa ya fizge, na bayan wancan ma ya fizge. Da'ira ta warware ta bi su tana feshin ruwa.

Da Gwadabe ya samu ya buɗe ido, sai ya ga Zaharadden tsaye a cikin ɗan lanƙwasan tiyon da ya rage, shi kuwa yana waje fili fetal.

"Ka fita," in ji Baba Hamad yana share hawaye da gefen rawani.

"Ban fita ba, Baba! Ko motsi ban yi ba! Da'irar ce ta fita ta bar ni!"

"Kai ka ce ba ƙorafi."

Sai Zaharadden ya yi gyaran murya. "A sake, Baba. Wannan ba faɗuwa ba ce."

Jama'a suka dubi juna. Gwadabe kuwa ya gyaɗa kai, a ransa ya ce mutumin ya fara jin tsoron abin da duniya za ta ce. Aka ɗauko gawayi aka zana sabuwar da'ira a jiƙaƙƙen siminti. Suka tsuguna fuska da fuska, kowa ya dafa ƙasa. Nan Zaharadden ya matso da bakinsa ya yi raɗa.

"Ka ji, ya shekh. Taɓa ni kawai. Turo ni kaɗan, halas."

Gwadabe ya yi murmushin mugunta. Tarko! Wato so yake ya matso ya damƙe shi ya matse kamar kifi. Shi za a yi wa wayo, shi da ya ga Tokyo? Baba na cewa a kama, ya yi tsalle gefe ya fara zagaye. Zaharadden ya juyo ya buɗe hannuwa ya turo ciki gaba.

"Yalla, turo!"

"Ka ga dama!" in ji Gwadabe, ya ƙara ja da baya.

Zaharadden ya matso taku ɗaya, Gwadabe ya zille. Ya sake matsowa, ya sake zillewa, ƙarafunan labule na kacau-kacau. Haka suka yi ta kewaya fili, ƙato na bin siriri yana roƙonsa a hankali, siriri na gudu yana harararsa.

"Ku kama mana!" wani ya yi ihu. "Ko rawa muka zo kallo?"

"Dabara ce!" Gwadabe ya amsa yana haki. "Gajiyar da shi nake yi! A Japan ana kiran wannan..."

Ba a ji sunan ba. Yajin da ya maƙale a ninkin labule ya tashi ya shige masa hanci. Ya ja numfashi, ya ƙara ja, ya saki wata atishawa da ta ɗaga shi daga ƙasa ta zaunar da shi daɓas a kan mazaunansa.

"Ya faɗi," in ji Baba Hamad.

"La, la," in ji Zaharadden da sauri, gumi na keto masa. "Atishawa ce ta kayar da shi, ba ni ba. A sake, Baba, don Allah."

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Zaharadden, kai da wa kake?"

"A sake dai."

Wannan karon Gwadabe ya yanke shawarar fito da makamin Tokyo gaba ɗaya. Ya ja baya har bakin layi, daf da kujerar alƙali. Bai lura ba jelar labulensa ta kwance, Baba Hamad kuma ya gyara zama ƙafar kujera ta danne ta. Aka ce a kama. Ya runtse ido, ya kurma ihun da ya tashi tattabarun unguwa, ya miƙa hannuwa ya taho a guje. Zaharadden na ganinsa ya karkata baya, har ya ɗaga ƙafa ɗaya yana jira. Labule ya miƙe, ya fizgo Gwadabe ta ƙugu, ya juya shi, ya harɗe masa ƙafafu. Santsin kuka ya ƙarasa aikin. Ya tafi suuu a kan ciki, ya tsaya hancinsa na shafar babban yatsan Zaharadden.

Zaharadden na nan tsaye da ƙafa ɗaya a sama. Ya leƙo ƙasa, ya sauke ƙafar a hankali, ya ce, "Ya Rabbi."

Sai ga Fatu ta sauko daga matakala, tana ture mutane, ta faɗo cikin da'ira.

"Yaya! Me muka yi da kai?"

"Wallahi ya Fatu na yi iya ƙoƙarina! Tun ɗazu nake neman faɗuwa, mutumin nan ya ƙi taɓa ni!"

Hoshi ya fashe da dariya. Wasu har da kwanciya a tabarma. Gwadabe ya ɗago kai, koren yauƙi na ɗiga daga haɓarsa.

"Faɗuwa? Wace faɗuwa?"

"Roƙonsa na yi ta yi har da kuka," in ji Fatu cikin takaici, "sai da ya rantse zai faɗi maka yadda na Tokyon ya faɗi. Yatsa kawai za ka sa masa! Yatsa!"

"Hajiya Fatu, na Tokyo ƙarfina ne ya..."

"Ƙarfin wa? Matar kafilinka ta nuna min bidiyon tun daga farkonsa. Tsohuwa mai sanda ma ta kayar da shi kafin kai!"

Gwadabe ya rasa ta cewa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Can ya lalubo wata. "To ko ma dai mene ne, ki fita daga da'ira. A Japan mata ba sa shiga."

Ran Fatu ya ƙara ɓaci, ta yi kansa. Zaharadden ya shiga tsakani yana ɗaga hannu. "Ya isa, ya Fatu, mutane na kallo."

"Kai ma matsa min! Da ka ce to tun farko, da duk wannan abin kunyar bai same ni ba!"

Ta hankaɗe shi. Bai shirya ba, ƙasa kuma ga ruwa ga kuka. Ƙafafunsa suka zame, ya tafi da baya yana kaɗa hannuwa, ya tsallake layin gawayi, ya zube a kan tabarma har tagogi suka amsa.

Baba Hamad ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"To. Sharaɗi dai a gabana aka yi shi, kuma da kunnena na ji: wanda ya fitar da Zaharadden, shi ke da Fatu. Ga wadda ta fitar da shi nan. Zaharadden, kana da ja?"

"Ba ni da ja, Baba," in ji shi daga kwance. "Wallahi na ma huta."

"Fatu, kin ci kanki. Sai ki ba wanda kika ga dama."

Zuciyar Gwadabe ta yi fari tas. Ashe dai nasara tasa ce, ta bayan gida kawai ta biyo! Ya yunƙura ya durƙusa, ya tattara labule ya rufe kafaɗa, ya share fuska, ya miƙa hannu biyu yana washe baki. Idon kowa ya koma kan Fatu.

Ta dube shi. Son da take masa bai tafi ko'ina ba, shi ya sa abin ya fi yi mata ciwo.

"Malam Gwadabe," ta ce a hankali, "da ka tsallako titi ka tambaye ni a bakin ƙwaryar furata, da kyauta zan ba ka. Na ce ka janye, ka ƙi. Ka ɗauke ni ka ajiye a tsakiyar fili don a yi maka tafi. To da hannuna na ci abina, kuma na riƙe."

Ta gyara mayafi ta nufi ƙofa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, mata suka bi bayanta suna dariya. Aka kira magariba, maza suka fara neman takalmansu, wasu na atishawa har yanzu. Gwadabe na nan durƙushe, hannuwansa a miƙe, ba wanda ya sa masa komai a ciki. Abin ya soke shi ƙwarai, don duk ƙaryar da yake yi a duniya, son Fatu ba ya cikinta.

Sai ga wani direba daga unguwar Waziriyya ya shigo a guje, cunkoson hanya ya makarar da shi. Ya dubi ruwa, ya dubi kuka, ya dubi mutumin da ke naɗe da labule.

"Malam Gwadabe, an gama? Wa ya ci?"

Gwadabe ya sauke hannuwansa. Ya ja hanci, ya dubi ƙofar da Fatu ta bi.

"Ɗalibata ce ta ci," ya ce. "Ni na koya mata. Sai dai hannunta ya fi nawa nauyi, turi ɗaya ta yi, har da ni ta fitar."